Sauri Bashi Ne: Wa Ke Biya?

Ranar 26 ga Disamba 1978, motoci da babura 182 suka tashi daga birnin Pari na Faransa da niyyar ratsa Aljeriya da Nijar da Mali, su sauka bakin teku a Dakar. Tafiya ce ta kusan kilomita 10,000, ta biyo ta Agadas da Yamai. Ranar 14 ga Janairu 1979, 74 kaɗai suka isa. Wanda ya zo na ɗaya wani saurayi ne, Cyril Neveu, bisa babur Yamaha XT 500, kuma a duk tafiyar babu zango ko ɗaya da ya riga kowa isa. Kullum akwai wanda ya fi shi gudu. Amma wanda ya fi shi gudu jiya ba shi ne ya fi shi yau ba, don na jiyan yana can baya zaune kan rairayi yana kwance inji.

Wannan shi ne Pari-Dakar na farko, tseren da iyayenmu suka sha ƙurarsa shekara da shekaru. Ba don ina sha'awar motocin masu kuɗi na ɗauko zancensa ba. Na ɗauko shi ne don tambayar da ke cikinsa tamu ce, muna amsa ta kullum a tasha da gona da aji ba tare da mun lura ba: in kana son ka riga kowa isa, kuma abin da ke ɗauke da kai yana iya karyewa, yaya za ka yi da ƙafarka bisa totur? Ƙarƙashin wannan kuma akwai wata da ta fi ta nauyi, wadda zan zo kanta a gaba: in ya karye, wa zai biya?

Yadda ake cin tseren

Sai mun fahimci dokar wasan tukuna. Tseren hamada ba irin sukuwar dawaki ba ne da ake sakin linzami a ga wanda zai fara taɓa layi. Ana yin sa ne zango-zango, mako biyu, a da har uku. Kowace rana a rubuta lokacin da ka ɓata, a ƙarshe a tara duka, wanda jimillarsa ta fi ƙanƙanta shi ya ci. To ka ga lissafin: direban da ya matsa wa mota zai iya ƙwatar minti biyar ko goma a yini, amma in ya karya ƙafar mota a rami ɗaya, awa biyu ko uku sun tafi, wani lokaci tseren ma duka. Ribar sauri da cokali ake tara ta, hasararsa kuwa da masaki take zubewa.

Malamanmu na kimiyya a lise sun koya mana dalili. Ƙarfin da mota ke dukan dutse da shi ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudunta. In ka ninka gudu sau biyu, dukan yana ninkuwa sau huɗu. Ramin da ka faɗa kana kilomita 60 a awa ka ji ɗan girgiza, in ka faɗa shi kana 120 ƙarfe ne zai amsa. Ga zafi kuma. Cikin rairayi mai laushi inji yana ihu, mota ba ta gaba sosai, iskar da za ta sanyaya radiyata ba ta isa, kuloci yana ƙuna. Taya ma da nata: a rairayi sai an rage mata iska don ta shimfiɗu ta yi faɗi, amma tayar da aka rage wa iska in ta hau duwatsu da gudu, yanzu-yanzu ta fashe. Tayoyin da mota za ta ɗauka kuwa ƙidayayyu ne. Akwai ma zangon da doka ta hana makanikai zuwa da dare, direba da mai karanta masa hanya su za su gyara abin da suka ɓata da hannunsu, da kayan da ke cikin motar.

Mai karatu zai ce to ai magana ta ƙare, sauri ya haifi nawa, a tafi sannu. Da haka ne da ban ɓata takardar ƙungiya ba. Duk direban da ya san arewa zai gaya maka sannu ma tana kashe mota. Tudun rairayi ba a hawansa da sanɗa. In ba ka zo da ƙarfinka ba, tsakiyar tudu za ka nutse, ka kwana kana haƙa da shebur. Hanyar ja mai ƙunya-ƙunya, irin wadda ke kaɗa haƙora, in ka bi ta a hankali sai ta kwance maka kowane noti. Sai ka ɗan taka tayoyi suke bin kan ƙunyoyin, girgiza ta ragu. Wanda ya yi nawa a tsere kuma, gobe a baya zai tashi, cikin ƙurar wasu, bisa hanyar da manyan kamiyo suka riga suka farfasa, dare ya same shi a daji, ya iso sansani ba barci, makanikansa ba su da lokacin gyara. Jinkirin yau shi ke haifar da karyewar jibi. Karin maganar ma ai da wutsiyarta: sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba. A hamada daɗewar ita kanta haɗari ce, tunda ruwan jarka ba ya jira.

Saboda haka ban yarda da masu cewa amsar ita ce tsaka-tsaki ba, wai kada ka yi gudu da yawa, kada ka yi sanyi da yawa. Wanda ya riƙe kilomita 80 tun daga Pari har Dakar zai nutse a tudu, ya kuma karye a kwazazzabo. Ni yadda na fahimci abin, ƙarfin mota kamar hatsin rumbu ne. Ranar tashi rumbu cike yake. Duk lokacin da ka taka totur, ɗiba kake yi. Ba laifi ba ne ɗiba, ai don a ci aka tara. Gwaninta ita ce sanin ranar da za ka ɗebi tiya biyar da ranar da za ka ɗebi rabin tiya, yadda hatsin zai kai ka kaka. Wanda ya cinye rumbunsa tun rani ya yi wauta. Wanda ya isa Dakar na talatin da mota sabuwa fil kamar ba a taɓa ta ba, shi ma bai yi tsere ba, yawon buɗe ido ya yi.

Waɗanda suka iya ɗiba

Tarihin tseren cike yake da shaida. A 2001 Jutta Kleinschmidt ta ƙasar Jamus ta zama mace ta farko da ta ci Dakar, cikin Mitsubishi Pajero, ita ma ba ta ci zango ko ɗaya ba. Ana saura kwana ɗaya a gama, maza biyu ne ke gabanta suna ta kokawa, Hiroshi Masuoka na Japan da Jean-Louis Schlesser na Faransa. Schlesser da abokin tafiyarsa suka tashi kafin layinsu ya zo, suka shiga gaban Masuoka. Zuciya ta ɗebi Masuoka, ya bar hanya ya faɗa daji don ya wuce, ya karya ƙafar motarsa ta baya. Shi kuma Schlesser alƙalai suka ƙara masa awa ɗaya ta horo. Matar da ke biye, wadda ta yi mako uku tana lallaɓa motarta ba tare da ta bari sun ɓace mata ba, ita ta ɗauki kofi da ratar minti 2 da daƙiƙa 39. A lura da wannan: ba ta yi nisa da su ba. Da tana baya da awa uku, faɗansu ba zai amfane ta da komai ba.

Kwanan nan ma, bayan tseren ya bar Afirka, ya yi shekara goma sha ɗaya a Amurka ta Kudu daga 2009, ya koma Saudiyya a 2020, darasin bai sake ba. Sébastien Loeb, wanda ya riƙe kambun duniya na tseren motoci sau tara, ya ci zango shida a jere a 2023, abin da ba a taɓa yi ba a rukunin motoci, amma ya ƙare na biyu da ratar fiye da awa ɗaya bayan Nasser Al-Attiyah na Katar, saboda fashewar tayoyi da ɓarnar da ya yi a kwanakin farko. A 2024 ya ci zango biyar, ya karya ƙafar mota ana gab da gamawa, ya ƙare na uku. Wanda ya ci kuwa Carlos Sainz ne na Sifen, dattijo mai shekara 61, ba tare da zango ko ɗaya ba. Akwai ranar da tayoyinsa suka ƙare, abokin aikinsa da ke biye da shi ya tsaya ya ba shi nasa. Wannan ma abin lura ne: ƙarkon da ake yabon gwani da shi, wani ɓangarensa a motar wani yake.

Ɗaya gefen kuma a ƙasarmu aka gan shi. A 1988 kamfanin DAF na Holan ya kawo kamiyo biyu, kowace da inji biyu, ƙarfin doki wajen 1,200. Hoton ɗaya daga cikinsu, wadda Jan de Rooy ke tuƙi, tana wuce motar Peugeot ta Ari Vatanen a filin hamada da gudun kusan kilomita 200 a awa, har yau ana kallonsa. Kamiyo fa, mai nauyin tan goma! A zangon Jado zuwa Agadas, ta biyun ta daki tudu da gudun wajen 180, ta yi ta juyawa. Kees van Loevezijn, mai karanta hanya, ya mutu nan take, sauran biyun suka ji munanan raunuka. Kamfanin ya janye daga tseren. Injin bai gaza ba, ƙarfe bai gaji ba. Abin da ya fi rauni cikin motar shi ne mutum, kuma shi aka manta cikin lissafin.

Ƙwandalar Gao

Shekarar da ta biyo, 1989, wani abu ya faru wanda har yau in an zauna fada ana shayi, in na kawo shi sai an rabu biyu. Motocin Peugeot biyu, ta Jacky Ickx na Beljiyam da ta Ari Vatanen na Finlan, sun bar kowa nesa. Babu mai kama su, sai dai su kama juna. Shugaban ƙungiyar, Jean Todt, ya ga in ya bar su suna gasa, ɗaya zai karya mota ko wuya, ko ma duka biyun. Da suka bar Yamai suka isa Gao, sai ya fiddo ƙwandalar faran 10 ya jefa sama. Ta faɗo ta gefen Vatanen. Aka ce wa Ickx ya sassauta, ya kuma cika alƙawari har Dakar.

Masu shirya tseren sun ji haushi, ƴan kallo ma haka. Suna da hujja: in ƙwandala ce za ta raba, ina amfanin gwaninta? An zalunci Ickx, wanda ke gaba a lokacin. Ni ma ina jin zafin wannan. Amma ina ganin Todt ya gane wani abu da ke da wuyar haɗiya. Mutum biyu masu hankali, kowane ya san iyakar motarsa, in ka sa su gasa da juna sai hankalin ya bar hannunsu. Wannan ya ƙara kaɗan don kada a wuce shi, wancan ya ƙara kaɗan don ya kamo, ba wanda ya zaɓi gudun da suke yi, kuma ba wanda zai iya ragewa shi kaɗai. Sai wani daga waje ya tsawata. Abin da masu shirya tseren su kansu suka koma yi ke nan daga baya, suka ƙayyade gudun da mota ba za ta wuce ba, da na'ura mai tona asirin wanda ya ƙetare. Haƙurin mutum ɗaya ba ya isa inda tsarin ke ba mai ganganci lada.

Wa ke biya?

Duk abin da na faɗa zuwa nan dabara ce, ba a shiga maganar daidai da kuskure ba tukuna. Wanda ya ɗebi rumbunsa ya cinye, shi ya jiyo. Maganar tana sauya fuska ne ranar da aka gane rumbun da kake ɗiba ba naka ba ne kai kaɗai.

Ɗan tsere ya sa hannu a takarda, ya san abin da ya shiga. Yana da hular kwano, da ƙarafan da ke kare shi in mota ta kife, da likita, da kamiyo cike da kayan gyara a bayansa. A 1983, shekarar farko da tseren ya ratsa Tenere, guguwar rairayi ta ɓatar da mutum 40 tsakanin Dirku da Agadas. Thierry Sabine, wanda ya ƙirƙiro tseren bayan shi kansa ya ɓata a hamada a 1977, ya yi kwana huɗu yana shawagi da jirgi mai saukar ungulu har aka gano su duka. Abin yabo ne. Amma ya nuna mana cewa jarumtar ɗan tsere tana da raga a ƙarƙashinta. Yana iya matsa wa mota don ya san in ta mutu akwai mai neman sa. Shi kansa Sabine ragar ba ta tare shi ba: ranar 14 ga Janairu 1986 jirginsa ya faɗi kusa da Gurma-Rarus a Mali, ya mutu tare da mutum huɗu, cikinsu har da mawaƙi Daniel Balavoine, aka watsa tokarsa gindin wata bishiya a Tenere.

Akwai kuma waɗanda ba su sa hannu a kowace takarda ba. A wannan 1988 ɗin dai, motar tsere ta kashe yarinya ƴar shekara 10 a Mali, motar masu ɗaukar hoto ta kashe uwa da ɗiyarta a Muritaniya. A 2006 yara maza biyu, ɗaya a Gine, ɗaya a Senegal. An sa dokar rage gudu cikin ƙauyuka, kilomita 30 ko 50, da horo ga wanda ya karya. Amma duba yadda ake ba da labarin: sunayen direbobin da suka mutu kowa ya san su, an yi musu littattafai, yaran ƙauye kuwa sai a ce “wani yaro”. Minti biyun da aka ƙwata a ƙauyensu an rubuta shi a jadawali. Abin da aka biya da shi bai shiga jimilla ba.

Ba ina cewa tseren bai kawo komai ba. Mutanen Agadas sun ci kasuwa da shi, masu masauki da makanikai da maƙeran azurfa da ƴan jagora. Mano Dayak, wanda filin jirgin Agadas ke ɗauke da sunansa, da tseren da baƙin da ya jawo ya gina harkarsa ta yawon buɗe ido. A 1997 ma Agadas ce makomar tseren, daga Dakar aka zo aka juya. Da aka kwashe motocin ta jirgin sama daga Yamai zuwa Libiya a 2000 saboda barazanar tsaro, akwai gidajen da suka ji a tukunyarsu. Duk wannan gaskiya ne. Sai dai ribar wani ba ta biyan ran wani, musamman in ba a tambayi mai ran ba.

Madugu ya riga su

Tun kafin a ƙera mota, akwai masu ratsa wannan Tenere ɗin da lissafi iri ɗaya: ayarin gishiri da ke tashi daga Abzin ya bi ta Fashi zuwa Bilma, ya komo da kantu da dabino. Wanda bai sani ba zai ɗauka tafiyar raƙumi nawa ce. Ina! Ayari in ya shiga rairayi tun safe yake tafiya har dare ya raba, ba a tsayawa cin abinci, shayi ma ana tafe ake dafa shi, don tsakanin rijiya da rijiya kwanaki ne ƙidayayyu, kuma ciyawar da raƙuma za su ci a bayansu take. Madugu mai sauri ne. Amma saurinsa yana da ma'auni: raƙumin da ya fi rauni, da yaron da ya fara tafiya bana. Ba a yaba wa madugu don ya riga wani ayari isa Bilma. Ana yaba masa in ya komo da adadin mutane da dabbobin da ya tafi da su. Shi ya sa ake ce masa uban tafiya. A Pari-Dakar 74 cikin 182 sun isa, aka yi biki. Madugun da ya komo da 74 cikin 182 ba zai sake jan ayari ba har abada.

Mu mutanen Damagaram mun san abin da karyewar mota ke nufi in babu raga. A Oktoba 2013 aka tsinci gawawwaki 92 a arewacin Arlit, kusa da iyakar Aljeriya: yara 52, mata 33, maza 7, akasarinsu daga yankin Kance. Motocin da suka ɗauko su ne suka lalace, ƙishirwa ta gama da su. Ƙasa ta yi makokin kwana uku. Hamadar dai ita ce wadda aka yi kwana huɗu ana shawagi don mutum 40. Wannan karon babu jirgi, babu kamiyon kayan gyara, babu wanda ke riƙe da jerin sunaye yana jiran su a zango na gaba. Ga ɗan tsere, ƙarkon mota shi ne bambancin kofi da rashin kofi. Ga wanda ke bayan Hilux tsakanin Agadas da Dirku, riƙe da sanda don kada ya faɗo, ƙarkon mota shi ne ransa, kuma ba shi ne ya duba injin ba, ba shi ne ke taka totur ba. Bayan dokar 2015 da ta haramta jigilar baƙin haure, wadda aka soke a Nuwamba 2023, direbobi da yawa sun koma bin hanyoyin da ba rijiya, da dare, da gudu, don kauce wa sojoji. Haɗarin ya ƙaru, kuɗin mota ya ƙaru, mai biyan duka biyun kuwa fasinja ne.

To ga inda na tsaya. Sauri bashi ne da ake ci daga ƙarfin wani abu: ƙarfe, ko dabba, ko jikin mutum. Cin bashi ba haramun ba ne, wani lokaci ma dole ne. Motar da ke ɗauke da mai naƙuda daga ƙauye zuwa asibitin Damagaram, direban da ya lallaɓa ta don tausayin tayoyinsa ya yi laifi. Abin da ke raba saurin kirki da na banza shi ne wanda zai biya ya sani, ya yarda, kuma in an ci riba da shi za a ci. In waɗannan ukun sun cika, taka. In ba su cika ba, ko ka isa lafiya ka ci amanar wani, sa'a ce kawai ta rufa maka asiri.

Na san abin da za a ce mini. Za a ce da kowa zai tsaya wannan lissafin da ba a ci gaba ba. Masu ganganci su ke gano iyakar abu, motocin da muke hawa yau sun yi ƙarko ne don wasu sun karya dubunsu a gwaji. Na yarda da rabin maganar. A bar mai son gwada iyaka ya gwada, a filin da ya zaɓa, da wuyansa. Ba na jayayya da Loeb, motarsa ce da ta kamfaninsa, kuma kallonsa da daɗi. Jayayyata da wanda ke gwaji da wuyan da ba nasa ba. Za a kuma ce talaka ba shi da zaɓi: ɗan kabu-kabu in bai yi gudu ba, ba zai haɗa kuɗin da zai kai wa mai babur da yamma ba. Wannan gaskiya ce mai ɗaci, kuma ita ce ƙwandalar Gao ta koya mana. Yaron ba shi ya zaɓi gudunsa ba, wanda ya yanka masa kuɗin yini shi ya zaɓa, yana zaune a inuwa. In yaron ya haɗiyi tramol don ya jure awa goma sha shida, daga ƙodarsa da ƙwaƙwalwarsa ake ɗiba, ribar kuma ta tafi wani aljihu. Wa'azin haƙuri ga yaron kaɗai ba zai yi komai ba, sai an taɓa mai yanka kuɗin, sai ƙungiyarsu ta sa iyakar da za ta hau kan kowa lokaci ɗaya.

Mu ɗalibai ma kada mu ɗauka zancen na direbobi ne. Wanda ya yi wata bakwai yana barci, ya zo wata biyu kafin bak yana kwana bisa Nescafé da goro, ya san yadda kai ke ɗaukar zafi kamar radiyata ranar jarrabawa. Kuma rumbun da yake ɗiba ba nasa ba ne shi kaɗai, akwai akuyar da uwa ta sayar a ciki.

Abu na ƙarshe, shi ne mafi kusa da hannunmu. Sau nawa muke cikin mota tsakanin Maraɗi da Damagaram, ko Tawa da Ƙonni, direba yana gudun da kowa ya san ya wuce kima, mota cike maƙil, tayoyi sun suɗe, amma kowa ya yi shiru don kada a ce masa matsoraci? Wani ma daga baya zuga shi yake: “Direba taka mana, dare na yi!” A tseren hamada akwai mutum na biyu a gefen direba, riƙe da littafin hanya, aikinsa ya ce akwai rami a gaba, rage. Gwanayen direbobi suna jin maganarsa, don sun san shi ma wuyansa na cikin motar. A motar haya wannan kujerar tamu ce, mu goma sha tara. Mun biya kuɗin mota, kuma mu za mu biya bashin in ya zo. Ina ganin wanda ya buɗe baki ya ce “Malam direba, don Allah sassauta, da yara a ciki” bai yi rashin kunya ba, kuma ya kamata na kusa da shi ya ce “gaskiya ne” da ƙarfi, yadda direban zai ji ba mutum ɗaya ba ne.